Igiyar da Kaka ta kwance

Warin jiƙaƙƙiyar igiya ne ya tono mini wannan labari. Jiya jikata ta kai ni bakin teku wajen Ruwais, a nan Jidda, sayen kifi, muka wuce wani ƙaramin jirgi a ɗaure, warin ya daki hancina, na tsaya cak. Ta ce, "Yalla, mu tafi ya Hajiya, rana fa." Ban ma ji ta sosai ba. Na riga na koma 'yar shekara bakwai a tsakiyar Tafkin Chadi.

Ta ƙasa muka zo ƙasar nan, ni da Baba da mahaifiyarsa da nake kira Kaka, don uwata ta rasu kafin mu taso. Farkon damina muka isa bakin tafkin. Baba ya samo mana jirgin katako mai ƙyalle, wato tsofaffin buhuna da aka ɗinke aka rataya a dogon itacen da ke kafe a tsakiya, iska na turawa.

Kaka ba ta yarda da kowa ba. Ko gaisuwa ka yi mata da fara'a sai ta shafa ƙullin zanenta. Ga shi tun a hanya an cika mata kunne cewa ana sace 'ya'yan maniyyata a sayar. Mai jirgin kuwa dogo ne marar magana, Hausarsa ba ta wuce ta cin abinci ba. Da za mu shiga sai ya ɗaga ni da hannu biyu, ya jinjina, ya zaunar da ni gindin itacen. Haka ya jinjina buhun gero da tulu, don ya san yadda zai raba nauyi. Kaka ba ta ga buhu ba, ni ta gani.

"Ka ga yana auna ta ko?" ta ce wa Baba.

"Inna, aikinsa ne."

"Na san aikinsa ne. Shi nake tsoro."

Ni dai daɗi nake ji. Ana girki a kasko mai yashi a ciki don kada katako ya kama. Alwala sai ka miƙa hannu ka ɗebo, salla a zaune. Muna ratsa ciyayi masu yawo a kan ruwa, ƙyallen yana fat-fat, Baba na kwarfe ruwa da ƙwarya. Duk kifin da mai jirgi ya gasa, tsokar tsakiya ni yake miƙo wa. Kaka takan karɓe, ta shinshina, ta ce yana kiwata ni ne.

Rana ta biyu bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Ruwan ya canza launi, iska ta fara jifa da mu. Mai jirgi ya sauke rabin ƙyallen, ya zo da sauri ya ɗaura mini igiya a ƙugu, ya ƙulle ta a jikin itacen, ya koma baya ya riƙe filafilin da yake juya jirgi da shi. Ya karkata mu zuwa wani tsibiri. A bakin tsibirin akwai kwale-kwale da mutane biyu a tsaye suna kallonmu.

Kaka ta dubi mutanen, ta dubi igiyar. "An ɗaure akuya, ga masu saye can," ta ce. Baba na can yana fama da kwarfa. Ta sa farce da haƙori ta kwance ƙullin, ta jawo ni cinyarta ta rungume.

Taguwar ruwa ɗaya ta raba mu. Ban ji na faɗa ba, sai dai na ji sanyi da duhu, ruwa na shiga hancina. Sai wani hannu ya damƙi kitsona. Mai jirgin ne, ya saki filafili ya biyo ni. Kafin Baba ya jawo mu da gora, jirgin ya juya gefe, iska ta yage ƙyallen gida biyu, itacen ya tsage. Da muka hau, mai jirgin yana haki, ya ɗauki igiyar ya ga ba tsinkewa ta yi ba. Ya dubi Kaka. Ita kuwa ba ta sunkuyar da kai ba.

Da tuƙi muka ƙarasa, kwana biyar maimakon uku. A gaɓar da muka sauka wani mai rawani ya tare shi, suka yi magana ƙasa-ƙasa da yarensu, su biyun suka juyo suka dube ni. Mai rawanin ya tambayi wani abu, mai jirgi ya girgiza kai. Labarin nutsewata yake ba shi, ko ciniki ne ya fasa? Kaka ba ta tsaya ji ba. Ta goya ni, ƙatuwa da ni, muka wuce ba sallama.

Har ta rasu a nan Jidda ba ta sauya ba. Duk sanda Baba ya ce bawan Allahn nan ya rasa abin sana'arsa saboda ni, sai ta taɓe baki ta ce, "Wa zai bar hajarsa ta nutse?" Abin yana ba ni haushi ina yarinya. Abin kunyar shi ne da na girma sai na ga halinta a jikina, ko direba ya cika yi wa jikokina wasa sai na haddace fuskarsa.

Yanzu mutanenmu ta sama suke zuwa, su karya a Kano su yi la'asar a nan, tafkin ma an ce ya janye. Duk waɗanda suka san gaskiyar ranar sun tafi. A yau na wuce shekarun da Kaka ta yi a duniya, kuma har yanzu ban yanke wa mutumin nan hukunci ba. Bayan kowace salla nakan ce, Allah, in mai ceto ne ka saka masa. In kuma Kaka ce da gaskiya, ka yafe masa, don ita ta kwance ni, shi ya fito da ni.