Waƙar Kabarin Kaka

Layi goma sha ɗaya ne. Mata goma sha ɗaya suka yi su, kowacce layi guda, uwa ta ba 'ya, 'ya ta ba tata, tun kafin a gina coci a ƙauyenmu. Murya ɗaya aka tanada ta rera su, tawa, rana ɗaya kuma tak, ranar da za a sa Kakata a ƙasa. Ajiyar da aka ba ni ke nan ina 'yar shekara tara, kuma ban kai ta inda aka aike ni ba.

Abin da ya tayar mini da zancen, makon jiya wata mata ta shigo shagona a Tottenham, nan London, da 'yarta. Sana'ata saye da sayar da tsofaffin piyano, na kuma daɗe a cikinta. Yarinyar ta zauna ta gwada wani da na ajiye kusa da taga, ta fara kaɗa abin da aka koya mata a makaranta. Hannun hagunta na sauka na gane sautin waƙar Kaka ne. Na bar uwar tana yi mini tambayar delivery, na shige bayan shago na tsaya tsakanin kwalaye har ta gama. Da na fito na sayar musu, domin ba na barin ciniki ya wuce ni. Amma bari in gaya maka yadda kiɗan nan ya shiga littafin yaran makaranta.

A nan Tottenham aka haife ni, a wani tsohon gidan council, irin na hayar hukuma, da aka raba biyu. Mu muna flat ɗin sama. Baba direban bas ne, Mama tana aikin asibiti, shift ɗinta ba ya ƙarewa. Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo daga ƙauyenmu na kan duwatsu domin jegon ƙanena, sai ta zauna, ita ta rene mu. Idan hunturu ya shigo gidan kan ɗauki warin danshi da na rigunan da aka shanya a kan hita, Kaka kuma ta naɗe kanta da mayafi biyu ta zauna tana tsinar acca a faranti, tana cewa ranar ƙasar nan ta ga alama ba ta da lafiya.

A flat ɗin ƙasa akwai wani tsoho ɗan Rasha, dogo, mai manyan hannuwa da jijiyoyi suka fito musu. Mama ta sa masa suna Baturen ƙasa, Kaka kuwa mai kiɗa take ce masa. Ba ta jin Turanci, shi ma nasa a karye yake, amma sun saba. Takan aike ni masa da gwaten acca mai zafi, shi kuma ya aiko da baƙin burodi da wani kabeji mai tsami wanda Kaka kan sansana ta ce, "Allah sarki, har abincinsu ya ruɓe bai sani ba." Duk da haka ba ta taɓa mayar masa da kwano ba wanke ba, ba kuma komai a ciki ba.

Shi ya ce wa Baba a bar ni in riƙa sauka ranar Asabar ya koya mini piyano, gwaten Kaka ya ishe shi lada. A ɗakin nan mai ƙanshin shayi da tsofaffin takardu na ji tarihinsa, kaɗan-kaɗan, tsakanin darasi da darasi. An haife shi a wani gari a bakin kogin da ke daskarewa har keken doki ya bi ta kansa. Yana ƙarami aka ɗauke shi zuwa makarantar kiɗa ta babban birni, inda malama ke dukan yatsunsa da fensir. Ya girma ya ci gasa bayan gasa, ya zaga birane yana kaɗawa, ya rubuta manyan kaɗe-kaɗe irin waɗanda makaɗa cike da dandali ke yi tare. Akwai hotonsa a bango, saurayi da baƙar kwat, furanni a ƙafafunsa. Sai wata rana wani kwamiti ya zauna ya ce kiɗansa ya cika baƙin ciki, ba irin wanda jama'a ke bukata ba ne. Aka cire sunansa daga ko'ina, aka kulle rubuce-rubucensa a wani ofishi, bai sake ganinsu ba. Da ya samu fita zuwa London tare da wata tawaga, sai ya ƙi komawa, da akwati ɗaya, ya bar matarsa da 'yar'uwarsa a can. Lokacin da na san shi, aikinsa shi ne ya hau bas zuwa unguwar Aldwych ya kaɗa wa 'yan mata masu koyon rawa a kan yatsun ƙafa, su yi ta tsalle, ba wadda ta san wane ne shi.

Gaskiya ya koya mini. Yakan sa in juya baya ya taɓa maɓalli ɗaya ya ce in faɗi wane ne. Yakan buɗe cikin piyano ya sa in kara kunne a jikin katakon, in ji ko akwai tsaga. "Kada ki kalli fenti," yakan ce da Turancinsa, "fenti maƙaryaci ne. Saurari ƙirjinsa." Har gobe da wannan nake cin abinci.

A shekarar ce Kaka ta fara ba ni waƙar. Ba ta haifi mace ba, don haka ni ce magajiya. Takan jira Mama ta fita, ta rufe ƙofar kicin, ta rera mini da yarenmu ƙasa-ƙasa, layi ɗaya a mako. Ta gaya mini dokar sau ɗaya, ba ta maimaita ba. Waƙar ba ta hira ba ce. A bakin kabarin mai ita kaɗai ake rera ta gaba ɗaya a gaban mutane. In ta fita a gaban taro mai ita tana da rai, to an riga an yi mata, ba a kuma yi wa mutum sau biyu. "Layi na ƙarshe nawa ne," ta ce. "Idan kin tsufa ki ƙara naki. Kin ji ko, uwar ɗakina?" Haka take kirana in tana so in natsu.

Na ji. Amma wata Asabar, lokacin da ganye ke zuba yana manne wa mutane a takalmi, tsohon ya rufe littafin darasi ya ce in kaɗa masa abin da babu a kowane littafi. Ina son ya yaba mini. Da yatsa ɗaya na lalubo farkon waƙar Kaka. Ya ajiye kofin shayinsa a hankali, ya ce in sake. Na sake. Sai tsoro ya kama ni, na gaya masa komai, da dokar, da kabarin, da matan goma sha ɗaya. Ya ɗora babban hannun nan a ƙirjinsa ya ce, "Ba za ta fita ɗakin nan ba. Ni na san yadda ake ji in an ɗauke wa mutum abinsa." Wa zai ƙi yarda da mutumin da aka yi wa abin da aka yi masa? Kafin Kirsimeti na kaɗa masa ita har ƙarshe. Bai taɓa rubuta komai a gabana ba. Mai kunne irin nasa ba ya bukatar fensir, ban yi wannan tunanin ba sai daga baya.

Shekara bakwai suka wuce. Wani matashin makaɗi ya tono labarinsa, aka fara zuwa ɗaukarsa a mota. Sai ga shi ya hau bene da kansa, abin da bai taɓa yi ba, da katin gayyata huɗu. Za a yi masa taro ranar Lahadi da rana a wani zaure kusa da Aldwych, zai kaɗa sabon abin da ya rubuta, na farko cikin shekaru masu yawa. Daga coci muka wuce. Kaka ta sha ɗaurin kallabi, Baba ya yi swapping ɗin aikinsa da wani, aka zaunar da mu a layin gaba.

Ya fito a sunkuye, aka yi tsit. Hannun damansa ya fara wani abu mai sanyi kamar yayyafi. Sai hannun hagu ya shigo daga ƙasa, a hankali, ɗauke da waƙar Kaka. Kaka ta ɗora hannu a gwiwata. Ba ta dube ni ba. Ina jin yatsunta suna danna ni ɗaya bayan ɗaya, tana ƙirga. Da yatsun suka ƙare sau biyu ta sake farawa daga babban yatsa, ta danna sau ɗaya, ta tsaya. Bai bar ko layi ɗaya ba, har nata. Zauren ya miƙe tsaye ana tafi, shi kuma ya nuno mu da hannu yana murmushi, ya rusuna wa Kaka. A takardar shirin an rubuta cewa wani sauti ne da ya zo masa a zaman gudun hijira.

Muna tsaye a tashar bas, motoci na ta wucewa, Kaka ta ce, "Wa ya ba shi?"

"Ni ce, Kaka."

"To." Ta gyara mayafinta. "An binne ni yau. Mutane kuwa sun taru, har da tafi. Uwata ma ba ta samu haka ba."

Baba ya ce mata, "Haba Mama, ai kiɗa ne kawai, babu kalmomin. Ba wanda ya sani."

"Ni na sani," ta ce. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma daina kirana uwar ɗakinta ba. Gwate ne kawai bai sake sauka ƙasa ba.

Washegari na buga masa ƙofa. Ya buɗe da fara'a, yana jiran godiya. Na tuna masa hannunsa a ƙirji. Ya ce ai ya ceci waƙar ne, abin da ba a rubuta ba mutuwa yake yi, shi ya gani da idonsa. Ya ce yanzu waƙar Kaka za ta rayu bayan mu duka. Na tambaye shi ko wani ya ce masa tana neman ceto, tunda ta bi bakin mata goma sha ɗaya ba takarda. Sai ya ce, "Ke yarinya ce lokacin." A nan na gane. Bai manta alkawarin ba. Ya auna shi ne, ya ga na yarinya ne, yarinya kuma baƙa daga flat ɗin sama, ya ga bai kai nauyin abin da zai samu ba. Na sha zama da 'yan kasuwa masu wayo tun daga lokacin, ban ga wanda ya karɓi kaya da sauƙi irin haka ba.

Kaka ta koma gida bayan shekara biyu, ta rasu da damina. Na je. Ƙasa ja ce, jiƙaƙƙiya, masara ta kai kafaɗa. Fasto ya gama addu'a, sai tsofaffin mata suka buɗe mini hanya zuwa bakin kabarin, suka tsaya suna jira. Waƙar tana cikin bakina, kowace kalma. Amma Kaka ta riga ta gaya mini a filin jirgi, tana riƙe da hannuna, cewa kada in kuskura, ba a yi wa mutum sau biyu. Na tsaya na yi shiru har shirun ya yi tsawo. Wata goggona ta ce da ƙarfi, don kowa ya ji, "'Yar London ta manta. Dama an faɗa." Na bar su a haka. Gara su ce na manta da su san na bayar. Aka tura ƙasa.

Shi kuwa ya samu abin da ya rasa a ƙasarsu. Aka yi ta kaɗa abin nan a rediyo, aka buga shi, har Rasha suka nemo tsofaffin rubuce-rubucensa suka fitar. Ya mutu da sunansa a jaridu. Ya bar mini piyanonsa da 'yar takarda mai layi ɗaya, wai ga ɗalibarsa mafi kunne. Babu ban haƙuri a ciki. Ban kai shi sama ba. Cikin mako guda na sayar wa wani mai tara kayan mashahurai, ban kuma ɓoye masa cewa katakon ya tsage ba, ya ce ba sauti ya zo saya ba. Cinikina na farko ke nan, daga shi shagon nan ya tashi.

Yanzu gidan namu an sayar wa wasu, sun haɗe sama da ƙasa. 'Yata tana jin Hausa ta amsa da Turanci, yarenmu kuwa gaisuwa kawai ta sani. Ita ma an ba ta kiɗan nan a makaranta, ta zo tana kaɗa mini a falo tana cewa, "Mum, it's so sad, I love it."

In ka ce in auna, ga yadda abin ya tsaya. Na samu kunne, na samu sana'a, na samu rufin asiri, duk daga hannunsa, ba zan yi ƙarya ba. Shi ya samu suna. Duniya ta samu kiɗa mai daɗi. Kaka ta shiga ƙasa shiru, ita kaɗai a cikin mata goma sha ɗaya. Kalmomin bai taɓa jin su ba, suna wurina, su kaɗai ne abin da na mallaka da ban taɓa sa wa farashi ba. Amma babu sautin da zan ɗora su a kai wanda ba a riga an yi wa tafi ba, layi na goma sha biyu kuma ban ƙara shi ba.