Man da Ya Fito a Gonar Ashafa

Ashafa Abdussamad bai taɓa ganin Katsina ba, ko da yake daga can kakansa ya tako a ƙafa zuwa hajji, ya yi zamansa a Madina. Abin da ya gada gonar dabino ce a Awali, gefen Madina, bishiya arba'in da ɗaya, da rijiya, da takardar mallaka da ake ce wa sakk.

A 1979 ruwan rijiyar ya fara warin kalanzir, wani baƙin maiƙo na yawo a kai. Kafin la'asar labari ya kai unguwar Al-Sih cewa fetur ya fito a gonar Ashafa. Har waɗanda ke amsa sallamarsa a ciki suka zo tambayar lafiyar iyali.

Matarsa Saudatu ta ce ya rufe rijiyar, ya rufe bakinsa. Bai ji ba. Ya tare Badaru, wani Basakkwace mai karatun fiƙihu a jami'a, da ke sayen dabino wurinsa.

"Baba, a wurinmu Malikawa ma'adini na shugaba ne, ko a gonar wa ya fito."

"A wata mazhabar fa?"

"Akwai saɓani."

"To, saɓanin nake so."

Ya sa farar jallabiya ya kai sakk ɗinsa ofishin gwamnati. Ma'aikacin ya karanta, ya miƙo masa abinsa.

"Ya hajj, sama naka ne. Abin da ke ƙasa na daula ne."

"Daga kamu nawa daula ta fara? Saiwar dabinona tana yin nisa."

Ma'aikacin ya ce ba a rubuta wannan ba.

Bayan wata biyu aka zo da motar haƙa. Ƙofar gonar ta yi mata kaɗan, aka rushe katanga, aka sare bishiyar dabinon ajwa uku da ubansa ya dasa. Ranar bai ci abinci ba, amma ya dafa wa mutanen shayi, tunda baƙi ne. Kwana tara ana haƙa kafin injiniya ya kira shi gefe: tankin man injin ban-ruwansa ne ya huje, ya daɗe yana tsiyaya cikin rijiyar.

Saudatu kuwa, duk wanda ya shigo ita ke ba shi labarin.

Ashafa ne ya mayar da katangar da hannunsa. Ramin da suka bari kuwa ya kawo ruwa mai daɗi, da shi ya yi ta ban-ruwa har rasuwarsa a 1988. Wannan ruwan kam, bai kai wa kowa tambaya a kansa ba.