Takalman Jirgin Abban Fauzia

Mijina Abdulwahab mutum ne da idan ka taka masa ƙafa a jirgin ƙasa, shi zai juyo ya ba ka haƙuri. Mutane na yaba masa wannan hali. Ni da nake zaune da shi, wani lokacin ji nake kamar in kama shi in jijjiga, ko magana za ta faɗo. A Fagge aka haife shi, cikin Kano, inda ruwan da ya sani bai wuce na kududdufi da na 'yan garuwa ba. Yanzu yana gyaran injinan ɗaukar hoton ƙashi a wani asibiti a nan Bronx ta Amurka, muna zaune a unguwar University Heights, hawa na biyar, mu da 'yarmu Fauzia. Ba ya zaman majalisa, ko ƙwallo ba ta dame shi ba. Abu ɗaya ne ya shiga ransa ya yi kane-kane, wato ƙananan jiragen ruwa na tsere, waɗanda ake tuƙawa da rimot daga bakin ruwa.

Kada wani ya ce mini wasan yara ne. Ni kaɗai ke da izinin faɗin haka, ni da na yi shekaru ina share garin katako daga kan kafet. Jirgin ya kai tsawon hannun babban mutum, kuma idan ya ɗauki gudu ya fi motocin titin Grand Concourse sauri. Ba ya ratsa ruwa irin na kwale-kwale. Tashi yake yi ya tsaya a kan abu uku: farfela a baya, da wasu ƙafafu biyu a gaba, dama da hagu, masu shafar saman ruwa. Masu wasan na kiransu sifonsan, mu a gidanmu takalma muke cewa. Ba don ina so na san wannan ba, an dai yi mini karatunsa a kan tuwo, an yi mini a kan shayi, har ya zauna.

Akwai wata ƙungiya da ke haɗuwa a wani tafki a Queens duk Lahadi, daga lokacin da ƙanƙara ta narke har sanyi ya sake kamawa. A can ya gamu da Yaw, wani direban bas ɗan Ghana da ke zaune a Mount Hope, mutum mai baki kamar rediyo. Yaw bai yarda da kowane jirgi ba sai na kamfani, irin mai siririyar gangar jiki da takalma can gefe a kan sanduna. Mai zagayayyen kai, in ji shi, na tsofaffi ne, iska na shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi sama. Mai tsagaggen baki ya fi dama-dama, sai dai nauyi. Wanda kuwa mutum ya yanka katako ya haɗa a ɗakinsa, wannan ado ne, a ɗora a kan talabijin. Abban Fauzia ba ya musu a gaban mutane. Sai ya dawo gida ya juye mini amsar da ya kamata ya ba Yaw, ina tsaye ina yanka albasa.

Abin da ya gano shi ne, farfela idan tana juyi tana danne jirgi ta ɓangaren dama, kuma a tserensu kullum dama ake yin kwana. Saboda haka bai kamata takalman su zo daidai ba. Na dama ya fi faɗi, ya fi zurfi, gefensa a tsaye, don ya tallafe nauyin ya kuma riƙe ruwa. Na hagu kuwa a share gefensa a karkace, don ya zame a kwana maimakon ya caki ruwa. Ya ce kamfanoni ma suna yin haka, amma a tsorace, shi kuwa ya kai bambancin inda ido zai gani. Ranar da ya nuna wa Yaw zanen, Yaw ya kira jama'a ya ce a zo a ga jirgi gurgu. Aka yi ta dariya, sunan kuma ya bi shi.

A ranar ce mijina ya yi abin da ban taɓa jin ya yi ba. Ya buɗe baki a gaban mutane ya ce gurgun nan zai wuce jirgin Yaw a tseren ƙarshe na baɗi, kowa ya shaida. Da ya ba ni labari sai da na yi guɗa. Ya cinye sanyi guda da bazara yana yanka, yana mannawa da gam, yana gogewa da samfefa, yana hana mu wanka don ya ga yadda abin ke zama a baho. Bai taɓa kai shi tafkin ba, wai ba ya so Yaw ya ga gudunsa kafin ranar.

Ana cikin haka babana ya iso. Malam Tsoho sunansa, masassaƙin kwale-kwale ne a Yauri, tun yana saurayi da gizago a hannunsa. Mun kawo shi a yi masa aikin gwiwa, muka sauke shi a ƙaramin ɗakin da Abban Fauzia ke aikin jiragensa. Daga ranar gidanmu ya koma gidan kunya. Ɗaki biyu ne da falo, amma suruki da suruki suka yi ta kewaye juna kamar suna da tsakar gida. Mijina ya tsuguna daga bakin ƙofa ya gaishe shi, kansa a ƙasa. Ba ya cin abinci inda Baba yake, sai ya shiga kicin ya ci a tsaye. Baba kuma ba ya yi masa magana kai tsaye, ko da yana gabansa, sai ya ce da ni, "Na'ima, ki gaya wa maigidanki." Na zama ɗan aike a cikin falona.

Da rana kowa ya watse, ni shagon magani inda nake aiki, Fauzia makaranta, shi asibiti. Baba ya rage shi kaɗai da talabijin ɗin da ba ya jin yarenta, da taga mai kallon bangon maƙwabta, da jirgi a kan kwaba.

Asabar ɗin da gobe tsere, muka je unguwar Tremont sayen nama da man ja. Muna buɗe ƙofa na ji ƙanshin sabon katako. Baba na zaune a falo, ya shimfiɗa jarida, jirgin a kife a cinyarsa. Ga wuƙata ta yanka kaza a gefe, ga samfefa, ga wani guntun zare. Takalmin dama, wanda aka yi wata da watanni ana lallaɓawa, ya koma siriri, sumul, an share gefensa, sak ɗan'uwansa na hagu.

"Na'ima," in ji Baba, fuskarsa a sake, rabon da in ga haka tun saukarsa, "ki gaya wa maigidanki na taya shi ɗan aiki. Abin nan a karkace yake. Jirgin da gefe ɗaya ya fi ɗaya, mutane yake kashewa. Na gwada da zare, yanzu sun zo daidai."

Na juya na kalli mijina. Ledar nama na hannunsa. Na ce a raina, yau dai za a ji muryarsa. Sai ya ajiye ledar, ya tsuguna, ya ce, "Allah ya ƙara girma, Baba. An gode ƙwarai."

Na ja shi kicin na tura ƙofa.

"Abban Fauzia, ka fita ka gaya masa."

"Da wane bakin?"

"To ni zan gaya masa, ai ubana ne."

"Ban yarda ba, Na'ima."

"To ka gyara. Kana da katako, kana da gam, kai da kanka ka ce yana kamawa kafin safiya."

"Zai gani. Ya ce zai bi mu race ɗin gobe, kuma mutumin da ya auna abu da hannunsa ba ya mantawa. In na mayar da shi yadda yake, na ce masa bai iya ba ke nan."

"To ai bai iya ba. Wannan ba kwale-kwale ba ne."

"Ki rage murya."

"Ka ce batir ya mutu mana, kada mu je."

"Ya riga ya sa Fauzia ta goge masa babbar riga."

Haushi ya turnuƙe ni har na rasa wanda zan fara da shi. Tsoho ya ɗauki kayan mutane bai tambaya ba, don ya san babu mai ce masa don me. Ƙato kuma da gemunsa, wanda asibiti guda ke jira ya zo ya tayar da inji, ya kasa haɗa kalma biyar ya kare abin da ya fi so. Na soya naman nan har ya ƙone, ban ba kowa haƙuri ba.

Washegari muka isa tafkin, iska na kaɗawa, ganye ya zube a bakin ruwa. Muka kafa wa Baba kujera, muka rufa masa bargo a gwiwa. Yaw ya zo ya gaishe shi da Hausar zango, wadda ya koya a Kumasi yana yaro. "Baba, sannu da zuwa. Yau ka zo ka gani surukinka zai sha kashi." Baba ya yi dariya ya ce a bari a gani tukuna.

Aka jefa jirage a ruwa, aka ba da alama. Gurgu ya tashi da kyau, har na ji wani tsohon Bature ya yi fito. Amma tun a miƙe na ga yana rinjaya dama, mijina na ta fama da rimot, jijiyar wuyansa ta fito. Da suka isa kwanar farko, takalmin dama ya nutse, hancin ya caki ruwa, jirgin ya yi alkafura a sama ya faɗo a kife. Na bayansa ya bi ta kansa. Sai da aka gama tseren, wanda Yaw ya cinye, sannan aka shiga ƙaramin jirgin roba aka kwaso shi, gangar a tsage.

Yaw ne ya fara karɓa, yana shirin tsiya. Ya kifa shi, ya shafa takalman, sai dariyar ta ɗauke. Duk surutunsa mutumin ya san jirgi. Ya ce da Turanci, kowa na ji, wannan ba shi ne zanen da aka nuna masa ba, wani ya fere takalmin dama. Ya ce idan wani ne ya taɓa, a faɗa, shi ba zai ƙirga ta yau ba, za su sake karawa idan ƙanƙara ta narke. Wa ya taɓa?

Ƙofa ce aka buɗe wa mijina har bango. Sai dai Yaw na jin Hausa, bakinsa kuma ba ya riƙe komai, zai iya kwashewa ya faɗa, ga Baba nan zaune yana bin fuskokin mutane da ido, da filasta a yatsansa inda wuƙata ta yanke shi.

Mijina ya amsa da Turanci ya ce, "Nobody, ba kowa. Ni na canza. Na duba na ga kai ke da gaskiya, design ɗin ba shi da kyau."

Yaw ya ɗaga jirgin sama ya maimaita wa jama'a, har sau biyu, don na nesa su ji. Aka tafa masa. Wani ya dafa kafaɗar mijina ya ce ya sayi na kamfani ya huta.

"Na'ima, me suke cewa?" in ji Baba.

Wallahi na buɗe baki, kuma gaskiya zan faɗa. Kafin in furta, Abban Fauzia ya zo ya tsuguna a jiƙaƙƙiyar ciyawa, yana kallon ƙasa. "Cewa suke, Baba, ba don gyaran da aka yi ba, da tun tashin farko zai kife. Gangar ce ban haɗa da kyau ba."

Baba ya gyaɗa kai. "Ai na lura. Ki gaya masa kada ya damu, ba a bakin ruwa ya tashi ba. A hankali zai iya."

Muka kwashi kaya, muka haye gada muka shigo Bronx.

Baba ya koma Yauri da sabuwar gwiwa, yana ba 'yan bakin kogi labarin yadda ya gyara wa mutanen Amurka jirgi. Duk sanda ya kira mu ta bidiyo sai ya ce in kai wayar ƙaramin ɗaki, in kifa masa sabon da ake ginawa, ya ga takalman. Daidai suke, dama da hagu. Na ce wa mijina ya gina wani a ɓoye, ya ajiye a but ɗin mota, wa zai sani? Ya ce wannan ha'inci ne, ba zai yi wa Baba haka ba. Yana zuwa tafkin duk Lahadi, yana zuwa na huɗu ko na biyar, Yaw na kiransa ɗalibinsa, shi kuma yana murmushi. Ni na daina binsa, don ba zan iya tsayawa ina kallo ba. Shi kuwa zanen da kowa a tafkin ya shaida ya faɗi, har yau bai taɓa ruwan tafkin ba.