Sista Ta Koma Gabas

Shekara goma sha tara na yi ina koyar da darasin gwamnati a wata sakandare a Minna. Duk shekara nakan faɗa wa ɗalibai cewa al'ummar da ta gaji da zaman tare, a bar ta ta kaɗa ƙuri'a ta kama gabanta. Zaman dole ba zama ba ne. Har zuciyata na yarda da haka.

A unguwar Barkin Sale, katanga ɗaya ce tsakanina da wata nas 'yar ƙabilar Ibo, muna ce mata Sista. A Minna aka haife ta, mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana uku.

Shekarar da maganar raba ƙasa ta yi zafi, ƙaninta ya zo daga gabas. Da la'asar muka zauna a ƙofar gida, ya yi ta ba ni labarin yayyensu biyu da yunwa ta kashe lokacin yaƙin basasa. Na ce masa yana da gaskiya, idan sun zaɓi tafiya haƙƙinsu ne.

Sista tana gefe tana tsintar shinkafa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, ranar ƙuri'ar, ni a ina zan jefa tawa?"

Na ce, "Ai doka za ta kare irinku, Sista."

"Dokar wace ƙasa? Mijina a nan yake kwance, bayan coci. Shi ma tone shi za a yi?"

Na shiga kawo misalan ƙasashen waje. Ta ɗauki tirenta ta shige ciki.

Bayan 'yan makonni wani ya rubuta "ku koma gida" da gawayi a ƙofarta. Na wanke, amma ta riga ta gani. Kafin damina ta fita ta sayar da gidan, ta koma gabas.

Takan kira matata. Ta ce can 'yar Hausa suke ce mata, har dariyar Ibonta suke yi. Ranakun Litinin kuwa masu neman ɓallewa sun hana kowa fita. A irin wannan Litinin hawan jininta ya tashi, aka rasa direban da zai yarda ya kai ta asibiti.

Ƙaninta ne ya bugo mini. Ya faɗa mini ta rasu, daga nan layin ya yanke.

Ban je jana'iza ba. Matata ta ce hanyar ba ta biyuwa ga mai kama da ni, ban kuwa yi mata musu ba.