Masu Kankare Danƙo

Rieneke Oosting bahaguwa ce, kuma a ƙwallon hannu wannan kaɗai rabin sa'a ne, don kowace ƙungiya tana neman mai jifa da hagu ta tsayar a gefen dama. Tana shekara bakwai mahaifinta Harm, manomin dankali, ya goya ta a bayan keke ya kai ta zauren wasa na ƙauyenmu, Zuidermoer, a ƙasar Holand. Ba wata baiwa ya hango ba, ta dai ishe su da jifan kaji ne.

Tana goma sha tara wata ƙungiyar birni ta ɗauke ta. Daga nan sai Jamus shekara shida, sannan Danmak huɗu. Ta sa rigar ƙasa mai ruwan goro sau saba'in da huɗu. Ba ta cikin waɗanda ake buga hotonsu a bangon jarida. Irin 'yan wasan nan ce da ake sakawa idan wasa ya yi tsami, ta ci biyu, ta koma benci ta yafa tawul. Amma duk ranar da ƙasa ke wasa, sai mu cika ɗakin shan kofi na zauren, mu zuba wa talabijin ido ko za a hasko ƙeyarta.

Kafaɗar hagun ce ta tsayar da ita. An yi mata aiki sau biyu, a na uku likita ya ce ta haƙura. Ta dawo gida tana shekara talatin da uku, da akwati biyu da hannun da ba ya wuce kunne idan ta ɗaga. Ta kama koyar da motsa jiki a firamare.

To, 'yan ƙwallon hannu suna shafa danƙo a yatsu don ƙwallo ta kama hannu, danƙon nan kuwa yana barin baƙin tabo a daɓe. Ranar Litinin 'yan makaranta ke shiga zauren, saboda haka kowace Lahadi da safe mutum uku ko huɗu suke durƙusawa da bokiti da makankari su fitar da shi. Aikin karɓa-karɓa ne. Sunaye suna jikin wata takarda a ƙofar kicin, kuma Jantje Hadders ce ke rubuta ta, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗaya da ba ta taɓa tambayar kowa ko yana da lokaci ba. Likitan dabbobi yana ciki, shugaban ƙungiya yana ciki. Kowa yana ƙunƙuni, amma a durƙushen nan ake jin wace ce ke da ciki, wa zai sayar da shanunsa, wa matarsa ta koma gidan 'yar'uwarta. Wanda ba ya cikin takardar nan baƙo ne, ko da a ƙauyen aka yanke masa cibi.

Mu mutanen nan ba mu iya yabo ba. Idan ka yi abin da ya girgiza duniya, iyakarmu mu ce “ba laifi.” Shi ya sa ranar da muka tashi karrama mutum sai mu yi ɓarna. Kwamiti ya zauna, aka sa rigar Rieneke a gilashi aka rataye, aka ba ta furanni. Sannan shugaba ya gyara murya ya ce an ɗauke mata aikin danƙo har ƙarshen rayuwarta. Wannan ita ce kyauta mafi girma da muka sani. Aka yi tafi, ita ma ta yi murmushi.

Daga ranar komai ya yi mata laushi. Idan ta shigo, sai a tashi a ba ta kujera. Hilly Kuipers, wadda suka taso tare suna satar soyayyen dankali a kicin ɗin nan, ta koma gaishe ta kamar wata malamar asibiti. Ba mai zolayarta, ba mai ce mata kekenta ya tare hanya. Lahadi da safe takan wuce ta gefen zauren ta jiyo dariya a ciki, ta ƙara taka keke.

Abin ya ci mata rai ƙwarai. A Jamus 'yar Holand ake ce mata, a Danmak ma haka. Shekara goma sha huɗu tana baƙunta a garuruwan mutane, kuma ba don komai ta dawo ba sai don ta huta da zama baƙuwa. Sau ɗaya ta gwada yi wa shugaba magana, ya ɗaga hannu ya ce, “Haba Rieneke, ke da kika yi wa ƙasa abin da kika yi!” Ta bar maganar a nan. Mayar da kyauta cin fuska ne, kuma za a ce tana yi ne don a gani.

Wata Lahadi a Nuwamba, ana yayyafi, ta ɗauki bokitin gidansu ta rataya a kan keke. Ta tarar da Hilly da Roelof likitan dabbobi a durƙushe, Jantje tana tsaye a kansu. Hirar ta tsaya cak.

“Me ya kawo ki?” in ji Jantje.

“Danƙo, Gwaggo.”

“Ba kya cikin takarda.”

“Na sani.”

Ta durƙusa a gefen dama, inda ta saba tsayawa, ta fara kankara. Roelof ya miƙo mata matashin gwiwarsa. Hilly ta ce a hankali, “Ki bar shi mana, mun kusa gamawa.” Rieneke ba ta ɗago ba. Da hannun dama take yi, makankarin yana zamewa. Ta san in aka ɗaga ta cikin ladabi yau, ba za ta sake iya shigowa ba.

Jantje ta tako ta tsaya a kanta, ta daɗe tana kallon daɓen.

“Wannan ne aikin? Shafa shi kike yi ko kankarewa?”

“Da dama nake yi, Gwaggo. Hagun ta mutu.”

“Ina ruwana da hagunki? 'Yan makaranta su zo gobe su maƙale, in ce musu kafaɗa? Sake, tun daga layi.”

Roelof ya ƙame da matashi a hannu. Sai Hilly ta fashe da dariya har tana dafa ƙasa. “Ai dama can haka take! Ta fi kowa lafta danƙo, ta fi kowa gudun bokiti. Rabin baƙin tabon nan ma nata ne na da, ku duba.”

“Ƙarya kike, mai hannun taliya,” in ji Rieneke.

“Ku rufe min baki ku duka,” in ji Jantje. “Ke 'yar Harm, Lahadi mai zuwa ƙarfe takwas, ba takwas da kwata ba. Kuma ki matsar da keken nan, ya tare ƙofa.”

Rieneke ta sunkuyar da kai ta koma farkon layi, tana kankara tana share ido da gefen hannu. Watanta bakwai da dawowa, sai ranar aka yi mata faɗa.