Talotalon Marigayiya

A unguwarmu ta Perry Barr, nan ƙasar Turawa, akwai 'yan filaye da hukuma ke ba mutane su yi lambu. Nawa yana jikin na wani dattijo ɗan Zariya, tsohon likita. Ba ya shuka abin kirki. Abin da ke kawo shi kullum shi ne wani namijin talotalo da matarsa ta raina tun yana ɗan tsako, kafin Allah ya yi mata rasuwa. Da zai je Manchester wurin 'yarsa, sai ya bar mini amanar tsuntsun.

Ranar da zai dawo, da hantsi, na tarar da ƙofar akurki a buɗe, babu talotalon. Ni ne ban sa sakata ba.

Bayan lambunan sarƙaƙiya ce har bakin layin dogo, diloli kuwa a wurin sun fi kyanwoyi yawa. Ina yaro na bi kawuna farautar zabi, na koyi kwaikwayon kukan tsuntsaye da harshe da tafin hannu, kuma ni mutum ne mai ji da abin da ya iya. Na kutsa ina kukan macen talotalo. In yi taku goma, in kira, in tsaya cik in kasa kunne, don mai tafiya ba ya jin amsa.

Wayata ta yi ƙara. Dattijon ne.

"Ɗana, ina cikin train, zan iso around twelve. Ya mutumina?"

"Lafiya lau, Baba," na ce.

Na ci gaba, ƙaya tana yagar wandona. A tsayuwa ta bakwai talotalon ya amsa, can ƙarƙashin wani kurmi kusa da shinge. Daɗi ya kama ni. Na riga na san inda yake, amma na sake kira, ya amsa, na kuma sakewa, don kawai in ji yadda yake biye mini. Sai na hango wani jan abu yana bin gindin shingen, ciki a ƙasa. Ya fi ni kusa. Na yi ihu, na ruga, gashi kawai na tarar.

Da dattijon ya iso na kai shi wurin. Ya durƙusa da ƙyar, ya tsinci gashi ɗaya yana jujjuya shi.

"In ya tsorata lafewa yake yi, ko motsinsa ba ka ji," ya ce a hankali. "Yaya aka yi dila ya gano shi?"

"Ni na sa shi ya yi kuka, Baba."