Igiyar Piroska

Gaspar kafinta ne a Fured, can gaɓar arewa ta tafkin Balaton. Ni kuwa shekara talatin da huɗu ina kama igiyar jirage a matsayar Foldvar, ta gaɓar kudu. A nan muka san juna.

Jirginsa ƙarami ne, na katako, da hannunsa ya gyara shi. Babu inji, babban ƙyalle ake ɗagawa iska ta tura shi. Duk shekara a hutun idin Fentikos shi da matarsa Piroska sukan tsallako, su ci soyayyen kifi a rumfar bakin ruwa, su kwana biyu, su koma. Shi yana baya riƙe da sandar tuƙi, ita tana goshin jirgi. In sun kusa gadar katako da ake ɗaure jirage sai ta ɗaga hannu, shi kuma ya sauke ƙyallen jirgin, jirgin ya silalo a hankali, ta jefo mini igiya. Wanda ya kama igiya shi ake zuba wa kofin farko na giyar inabin arewa. Haka ake yi. Piroska takan ce hannuna kamar na mai tatsar akuya, ni kuma in ce jifanta kamar na mai korar kaji.

A watan Fabrairu aka binne ta.

Ana jibi Fentikos 'yarsu Boglarka ta kira ni daga Budapest. Ta ce sun yi magana da babanta: in ya tsallako shi kaɗai ya ɗaure jirgi lafiya, jirgin nasa ne, ya zauna a Fured. In bai iya ba, zai rabu da jirgin ya koma wurinta, a bene hawa na shida. Ta ce in duba mata. Na ce to.

Ranar Asabar tafkin ya cika da fararen ƙyallaye. Iska daidai, rana ba zafi. Da hantsi na hango shi ya fito ta mashigin Tihany, kuma tuƙin babu abin cewa. Na tsaya inda na saba tsayawa, na miƙa hannu.

Jirgin ya yi ta matsowa, ƙyalle a sama. Gaspar yana zaune yana kallon goshin jirgin. Ba gadar yake kallo ba. Sai a lokacin na gane cewa tsawon shekarun nan bai taɓa auna tazarar da idonsa ba, hannun Piroska yake jira. Jirgin ya bugi gadar.

Ƙarar ba ta da yawa. Katako ɗaya ya tsage a goshi, sama da ruwa. Na sunkuya na ɗauko igiyar da kaina, tana nan a naɗe irin naɗin Piroska, na ɗaura a turke.

Gaspar ya fito, ya shafa tsagar da babban yatsa kamar aikin wani aka kawo masa. Ya ce aikin rabin yini ne. Sannan ya ɗauko kwalbar giyar ya zuba mini.

"Ban kama igiya ba," na ce.

"Sha dai, tsohon banza. Wa zai kai ƙara?"

Muka je rumfar kifi. Mai rumfar ta kawo faranti uku, ta tsaya, ta koma da ɗaya. Gaspar ya cinye nasa tas, ya ce gishirin ya yi ko bai yi ba, ban tuna ba.

Muna nan wayata ta yi ƙara. Boglarka ce. Na ce mata ya iso, iska ta yi kyau, yana cin kifi. Duk gaskiya ne. Gaspar ya goge hannunsa da takarda, ya miƙo hannu, na ba shi wayar.

"Na buga gada, 'yata," ya ce. "Ɗakin nan da kika ce, tagarsa ina take kallo?"

Ban ji amsarta ba. Ya ce babu komai.

Bai kwana biyun ba. Da la'asar na raka shi matsayar Szantod ya hau babban jirgin fito mai tsallakawa arewa, cikin motoci da masu kekuna. Ya ba ni makullin ɗakin jirginsa, ya ce in riƙa kwashe ruwan sama kafin a sami mai so. Ya tsaya a tsakiyar jirgin fiton, inda ba a ganin ruwa sosai.

Jirgin Gaspar yana nan a turke na uku. Tsagar ma tana nan. Igiyar kuwa ban iya naɗinta ba, na bar ta yadda na ɗaura.